Keke Marar Feda: Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashenki A Keken Yaro

Duk shekara idan kaka ta yi, aka sayar da riɗi da wake da gyaɗa, kuɗi suka ɗan shiga hannun jama'a, ko kuma idan Sallah ta gabato, akwai wata haja da ke fitowa bakin shaguna a Magarya da Dungas, a jera ta gefen hanya tana ta ƙyalli. Ita ce ƙananan kekunan yara, ja da shuɗi da ruwan hoda, da kwando a gaba, da ƙararrawa, da wasu 'yan tayoyi guda biyu a gefen tayar baya. Yaro in ya gani sai ya kafe, ya riƙe zanen uwarsa yana nuni, ita kuwa tana lissafin abin da ke ƙulle a bakin zanen.

Wata yayata da ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Magarya ta taɓa shiga wannan ciniki. Ta kwashi adashenta ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah, ta ce ba abin da za ta fara yi sai ta faranta wa jikanta, wanda take kira maigidanta kamar yadda kakanni mata ke yi. Yaron a lokacin bai cika shekara 3 ba. Da ta je shago sai ta tsallake ƙaramin keken da ya yi daidai da shi, ta ɗauki wanda ya fi girma, bisa lissafin nan da kowace uwa ta sani na sayen riga mai yalwa domin yaro ya girma a cikinta.

Aka kai keke gida ana murna. Da aka ɗora yaro, ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ƙarfinsa kuma bai isa ya murza feda ba. Aka tura shi, tayoyin gefe suka kafe a rairayi, tayar baya ta riƙa juyawa a banza. Ba a yi mako ba keken ya kife da shi a bakin zaure ya fasa leɓe, kuma tun daga ranar ko an ce ya hau sai ya fashe da kuka. Keke ya koma bayan rumbu, kaji na kwana a kansa, rana na cin fentinsa. Duk lokacin da Yaya ta wuce ta wurin sai ta tuna makonnin da ta yi tana zubi.

Sai da shekara ta zagayo wani mai faci na unguwarsu ya ce a kawo masa. Ya cire tayoyin gefen, ya kwance fedar duka biyu, ya sauke sirdi har ƙasa, ya ce a bar yaro ya yi ta tura shi da ƙafa. Mutanen gida suka yi dariya, suka ce an kai keke gyara an dawo da shi a ɓace. Cikin 'yan makonni sai ga yaro yana sheƙowa daga zaure, ya ɗaga ƙafafunsa sama, keke na tafiya da shi ba tare da kowa ya riƙe ba. Ranar da aka mayar da feda, kafin la'asar ya iya.

Abin da mai facin nan ya yi da sifana ɗaya, shi ne abin da kamfanoni a Turai da Amurka da Sin ke ƙerawa musamman suna sayar wa iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 5. Keke ne mai taya biyu da sirdi da abin riƙewa, babu feda, babu sarƙa, babu tayoyin gefe. Bai riga ya zama ruwan dare a kasuwanninmu ba, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo bayaninsa, domin masu saye da kuma masu sayarwa.

Tsohon abu ne ya dawo

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa keke na farko a duniya ma ba ya da feda. Wani Bajamushe mai suna Karl Drais ne ya ƙera shi da katako, nauyinsa kimanin kilo 22, kuma a ranar 12 ga watan Yuni na 1817 ya hau shi a garin Manhaim, ya yi tafiyar kimanin kilomita 14 zuwa da dawowa cikin wajen sa'a ɗaya, yana tura ƙasa da ƙafafunsa. Wasu masana tarihi na danganta wannan ƙira da fashewar dutsen Tambora na ƙasar Indonesiya a 1815, wadda ta ɓata damina a Turai a 1816, hatsi ya yi tsada, ciyar da dawaki ya gagari mutane, aka shiga neman abin hawan da ba ya cin abinci.

Sai a shekarun 1860 aka liƙa wa keke feda a birnin Faris. A 1885 John Kemp Starley na Ingila ya fito da irin keken da muka sani a yau, mai tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa mai jan tayar baya. Ita kuwa tayar da ake hura wa iska, wani likitan dabbobi ne mai suna John Boyd Dunlop ya yi wa ƙaramin keken ɗansa ita domin ya rage jijjiga, ya kuma yi mata rajista a 1888. Daga nan dokin ƙarfe ya bazu a duniya har ya iso ƙasar Hausa, inda Raleigh da Phoenix suka zama abin taƙamar malamin makaranta da ɗan kasuwa, har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano.

Wanda ya dawo da tsohuwar dabarar Drais domin ƙananan yara shi ma Bajamushe ne, Rolf Mertens, wanda a 1997 ya sassaƙa wa ɗansa keken katako marar feda, daga baya ya zama haja mai suna LIKEaBIKE. A 2007 kuma wani Ba'amurke, Ryan McFarland, ya kafa kamfanin Strider bayan ya ga ɗansa ɗan shekara 2 ya kasa da keke mai feda saboda nauyi, ya yi ta cire masa kaya har ya rage taya da sirdi. Abin lura a nan shi ne dukkansu biyun iyaye ne da suka fara aikin a cikin gidajensu, da irin kayan aikin da kowane kafinta da mai walda na Magarya ke da su.

Me ya sa tayoyin gefe ke jawo jinkiri?

Duk wanda ya koyi keke a zamanin keken haya, lokacin da yaro kan tara 'yan kuɗinsa ya karɓi babban keke na ɗan lokaci, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya saboda bai kai sirdi ba, ya san cewa murza feda ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce tsayawa a kan taya biyu ba tare da an faɗi ba. Keke ba ya tsayawa da kansa. Mai tuƙi ne ke tsayar da shi, ta hanyar karkata kan keken kaɗan zuwa ɓangaren da ya ji zai faɗi, sai tayoyin su dawo ƙarƙashinsa. Wannan gyara jiki ke yinsa sau da yawa a cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ba a koyar da shi da baki, sai jiki ya gwada ya saba.

Tayoyin gefe suna hana yaro wannan darasi. Tunda keken ba zai kwanta ba, yaro na zaune ne kamar a kan kujera, yana jingina nauyinsa a kan ƙaramar taya. Idan ya zo kwana, maimakon ya kwanta ciki kamar yadda mai keke ke yi, sai ya jingina waje, kuma in yana da ɗan gudu nan ne keken ke kifewa. Ranar da aka cire masa tayoyin sai ya koma ɗan koyo, da ɗabi'ar da sai an sha wahala kafin a raba shi da ita.

A ƙasarmu akwai ƙarin matsala. An yi tayoyin gefe ne domin siminti da kwalta masu santsi. A lungunan Magarya da Bande da Waca da Guci, inda rairayi ya fi yawa, 'yan tayoyin robar nan nutsewa suke yi, ko kuma su hau tudu biyu su bar tayar baya a rataye.

Shi kuwa keke marar feda, yaro na zaune ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ya ji zai faɗi, ya dafa. Tsoro ya ragu ke nan. Da farko zai riƙa tafiya da keken a tsakanin ƙafafunsa ko zama bai yi ba, sannan ya zauna yana takawa, sannan ya fara gudu, daga ƙarshe ya ɗaga ƙafa ya bar keke ya sulala. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa. Wani bincike da masana a ƙasar Fotugal suka wallafa a 2022 ya gano cewa yaran da suka fara da keke marar feda sun iya tuƙa keke da kansu suna da kimanin shekara 4, yayin da waɗanda suka fara da tayoyin gefe sai da suka kai kimanin shekara 6.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Keken koyon tafiya na katako mai taya uku, wanda kafintocinmu suka daɗe suna yi, a kan wannan tsari yake: yaro na tsaye da ƙafarsa, shi ke turawa, shi ke tsayawa. Ya bambanta da keken robar nan da ake zura jariri a cikinsa yana lilo yana yawo a tsakar gida. Wannan na robar likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin ba ya sa yaro saurin tafiya, yana kuma kai shi bakin murhu ko matakala kafin a ankara. Ƙasar Kanada ma ta haramta sayar da shi tun 2004.

Idan akwai keke a gida, kada a sayi wani

Uwar da ta riga ta sayi keke mai feda ba ta yi asara ba, muddin ƙafar yaro za ta kai ƙasa idan an sauke sirdi. A kai wa mai gyara ya cire tayoyin gefe, ya kwance feda da sifana mai lamba 15. A lura, fedar dama ana kwance ta kamar kowane noti, ta hagu kuwa zarenta a juye yake, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi har ya lalata zaren. Idan ƙarfen da ke riƙe fedar yana bugun ƙaurin yaro, mai gyara na iya cire shi tare da sarƙar. A zuba duk abin da aka cire a leda a adana, domin za a neme su nan gaba kaɗan.

Alamar cewa lokacin mayar da feda ya yi ita ce a ga yaro na ɗaga ƙafa ya sulala har a ƙirga goma, yana iya kwana, yana kuma iya tsayawa inda ya ga dama. Wajen koyarwa kada babba ya riƙe kan keken, domin in ya riƙe shi ne ke tuƙin. In za a taimaka, a dafa bayan yaro ko kafaɗarsa. Kada kuma a tilasta masa. Wani yaron cikin mako guda zai kama, wani sai ya yi watanni, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za ki duba kafin ki biya

Na farko, tsawo. Ki je da yaron kasuwa, in ba zai yiwu ba ki auna shi da zare daga ƙasa zuwa matsematsinsa yana tsaye da takalmi, ki tafi da zaren. Sirdi ya kasance ƙasa da wannan awo da kamar faɗin yatsa biyu, yadda idan ya zauna tafin ƙafarsa duka zai kwanta a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Ga 'yan shekara 2 zuwa 4, mai taya inci 12 aka fi amfani da shi. Ki zaɓi wanda ake iya ɗaga sirdinsa a sauke, shi ne zai bi yaro yana girma, ya kuma gangaro kan ƙannensa.

Na biyu, nauyi. Yaro ɗan shekara 2 mai lafiya nauyinsa wajen kilo 12 ne. Keke marar feda mai kyau kilo 3 zuwa 4 ne, alhali ƙaramin keken ƙarfe mai feda da sarƙa da kwando da tayoyin gefe yakan kai kilo 8 zuwa 10. Ki kwatanta da kanki, a ce ki tuƙa keken da ya kusa kai nauyinki. Gwaji mai sauƙi shi ne a kwantar da keken a ƙasa, a ce yaro ya tayar da shi. In ya kasa, ya yi masa nauyi.

Na uku, taya. Iri biyu ce. Akwai mai iska, wadda ta fi laushi da kama ƙasa, sai dai a garin da tsidau da ƙayar aduwa suka yi yawa za ki saba da mai faci. Akwai kuma ta soso mai tauri wadda ba ta faci har abada, ba ta da nauyi, amma tana saurin cinyewa kuma ba a gyara ta. Ko wacce aka ɗauka, mai faɗi ta fi siririya a rairayi.

Na huɗu, ƙarko. Ki girgiza kan keken da tayoyinsa ki ji ko akwai sassauci. Ki shafa hannu a jikinsa ko akwai ƙarfe mai kaifi ko noti da ya fito waje. Keken da jikinsa duka roba ce mai arha ba ya jure ranar Damagaram, inda zafi ke wuce maki 40 a watannin Afrilu da Mayu, robar kan bushe ta tsage. Araha ba ta ado. Kuma ko wane iri ne, a riƙa ajiye shi a inuwa, domin sirdi baƙi da ƙarfen da suka sha rana suna ƙona fatar yaro.

Ga 'yan kasuwa

Masu saye dai akwai su. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum sama da 570,000, Dungas kuwa, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011, sama da 350,000. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar yaro ne da bai kai shekara 5 ba. Ba kowane gida ne zai iya sayen keke ba, amma wanda zai saya a Sallar bana ya cancanci a ba shi abin da zai yi masa amfani.

Ta fuskar lissafi, hajar tana da sauƙi. Ba feda, ba sarƙa, ba giya, don haka abin da zai lalace a hanya ko ya dawo maka da ƙorafi kaɗan ne. Kwalinsa ƙarami ne, nauyinsa bai kai rabin na mai feda ba, ka ga gurbin da keke ɗaya ke ci a mota zai ɗauki fiye da haka, kuma haɗa shi ba ya cin lokaci.

Sai dai wanda ke fatauci ta Tinkim zuwa Babban Mutum, ko ta Maigatari da kasuwarta ta ranar Alhamis, ya san abin da bakin iyaka ke iya yi wa jari. Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500. Mai Sefa a hannu na iya zaton komai ya yi araha a Kano, amma kayan da ake shigowa da su daga Sin da dala ake sayo su, farashinsu na bin dala ne. Saboda haka sabuwar haja irin wannan a fara da kaɗan, a ga yadda kasuwa za ta karɓe ta.

Babban cikas shi ne idon mai saye. Duk wanda ya ga keke ba feda zai ce bai cika ba, ya nemi a rage masa kuɗi. Dogon bayani ba zai yi aiki ba, gani ya kori ji. A ware guda ɗaya na gwaji, a bar ɗan mai shago ko ɗan maƙwabci da ya iya ya riƙa sulalawa da shi a fili mai tsaro, iyaye su gani da idonsu. Mai shagon da ke da zare ko ma'auni yana auna yaro kafin ya sayar, ya kuma gaya wa uwa gaskiya cewa wannan babban ya yi wa ɗanta yawa ko da ribarsa ta fi, shi ne wanda za ta dawo wurinsa idan lokacin keke mai feda ya yi, ta kuma turo kishiyarta da maƙwabtanta.

Akwai kuma ƙofar haya. Matar da ke da tsakar gida mai faɗi da daɓe mai kyau na iya ajiye guda 2 ko 3, yaran unguwa su riƙa hawa da yamma a kan ɗan abin da ba zai gagari iyaye ba, a cikin katanga, a gaban idonta.

Ga kafintoci da masu walda

Tunda na Jamus ma da katako aka fara shi, babu dalilin da zai sa sai an jira kwantena. Guntayen katakon da ke ragowa bayan an yi gado ko ƙofa sun isa jikin keke. Tayoyi inci 12 ana samunsu a jikin matattun kekunan yara da ke jibge a wurin masu gyara da masu sayen tsofaffin ƙarafa. Mai walda kuma na iya ɗaukar tsohon ƙaramin keke, ya yanke mazaunin feda, ya sauke wurin sirdi, ya goge, ya yi fenti. Abin kiyayewa shi ne kada ya yi nauyi, a goge duk wani kaifi, a yi amfani da noti mai zagayayyen kai maimakon ƙusa, a kuma rufe bakin abin riƙewa da roba domin kada ya soki yaro in ya faɗi a kansa. Irin wannan sana'a rufe iyaka ba ya tsayar da ita, canjin kuɗi ma bai cika taɓa ta ba.

Inda haɗarin yake

A nan ne ya kamata iyaye mata su fi buɗe kunne. Yaro ɗan shekara 3 a kan keke marar feda yana iya gudun da sai babba ya sa ƙafa da gaske kafin ya kamo shi, alhali hankalinsa bai kai ya auna saurin babur ko mota ba. Gajere ne kuma, direban babbar mota ba ya ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi shafa.

Don haka wannan keke ba na titi ba ne. Titin da ya taso daga Damagaram ya ratsa Bande da Magarya ya nufi Tinkim, da tasha, da bakin kasuwa inda 'yan kabu-kabu da amalanke da motocin kaya ke gogayya, duk ba wurin koyo ba ne. Haka nan mai tuyar ƙosai ko awara kada ta bar yaro da keke kusa da kaskon mai. A nisanci rijiyar da ba murfi, da tabki lokacin damina, da gangara mai tsawo, kasancewar yawancin waɗannan kekuna ba su da burki, ƙafar yaro ce burkinsu. Saboda haka ne ma ake so ya sa takalmi rufaffe, silifa na zamewa ta bar yatsu a ƙasa. Idan an samu hular kwano ta yara daidai kansa, a saba masa da ita tun yanzu, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wurin da ya dace shi ne tsakar gida, ko faƙo mai tauri nesa da hanya, ko filin makaranta bayan an tashi, kuma da babba a tsaye. Yarinya 'yar shekara 7 da aka bar wa reno ba za ta iya wannan tsaro ba.

Wata gaskiyar kuma ita ce keke ba ya gaban tuwo. Mutanen Magarya sun san abin da ke cika ɗakin yara na asibitin garin daga tsakiyar damina zuwa kaka, wato zazzaɓin cizon sauro da tamowa, abin da ya kawo ƙungiyar likitoci ta MSF yankin tun shekarar yunwa ta 2005. Uwar da kuɗinta bai isa abinci da gidan sauro da magani ba, kada tallar mai shago ko gasar maƙwabta ta ruɗe ta. Yaron da ke guje-guje, yana gara taya, yana jan motar kara, shi ma jikinsa na ƙwari, kuma zai koyi keke a lokacinsa. Wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, a bar shi ya murmure tukuna.

Amma ga wadda Allah Ya hore wa, iya keke jari ne da ba ya ɓata. Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na 2023, man da ake sayarwa a kwalba a garuruwan bakin iyaka ya daina zama abin arha kamar da, kuma duk mai biyan kuɗin kabu-kabu ya ji a jikinsa. Yaron da ke ƙauyen Malawa ko Dogo-Dogo ko Yekuwa, wata rana makarantar gaba da firamare za ta yi masa nisa, kuma keke ne zai kai shi. Wannan bai bar 'ya'ya mata a baya ba, su ma a ɗora su tun suna ƙanana, domin nisan makaranta na cikin abubuwan da ke zaunar da su a gida.

Shi kuwa keken Yaya, yanzu yana hannun jikanta na uku. Duk lokacin da sabon mahayi ya taso, sai a fito da ledar nan, a kwance feda a zuba a ciki, a rataye a ƙusa har ranar da za a neme ta. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwa, amin.